Babi na Bakwai: Daga Allah Wadai Zuwa Igiyar Rataya

Bakaniken da ke duba mini tsohuwar motata ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya ɗaga mini wani ƙarfe da ya cinye ta gefe guda. Ya ce, "Malam, wannan kam ya zama kwandem. Ko ka kai wa mai walda, asarar kuɗinka za ka yi." Ya wurga shi kan tulin ƙarafan da 'yan gwangwan ke zuwa saye a kan kilo. Bai yi boko mai nisa ba, amma kalmar da ta fito daga bakinsa Turanci ce, condemn, kuma bai yi kuskure wajen amfani da ita ba. Bature ma haka yake cewa idan hukuma ta duba gini ta ce ba ya zaunuwa, ko ta duba nama ta ce ba ya ciwuwa. A Legas masu tura baro suna bin layi suna kiran "iron condemn", su ma ƙarfen da aka yanke ƙauna da shi suke nema.

Da daddare na kunna rediyo, na ji an ce wata ƙasa ta yi Allah wadai da harin da aka kai wata ƙasa. A takardar Turancin da mai fassara ya ɗauko labarin, condemn ɗin nan ce. Ita ce kuma a gidan yari, inda ake ware waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, gandirobobi na kiransu condemned, ɗakinsu kuma condemned cell. Bakanike ya faɗa an jefar da ƙarfe, jakada ya faɗa babu abin da ya motsa, alƙali ya faɗa an auna wa mutum igiya. Kalmar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne abin da mai maganar ke riƙe da shi a hannu, kuma a nan ne mai koyon Turanci da mai fassara suke yawan zamewa.

Asalinta Latin ne. Damnum na nufin asara, damnare kuma ɗora wa mutum asara, wato kotu ta ci shi ta ce ya biya. Daga wannan tushe damage ta fito, wato ɓarna, haka ma damn, tsinuwar da ake yi wa mutum ana jefa shi wuta, wadda a da mai tarbiyya ba ya furta ta gaban manya. Harafin n na ƙarshen condemn ba a furta shi, sai a condemnation yake farfaɗowa. Kunnen Bahaushe da ya ji kwandem ya ji daidai.

Gidajen rediyo sun daɗe da tsayar da "Allah wadai" a matsayin fassararta, kuma ta zauna daram har ba ma jin baƙuntarta. Sai dai tamu ta fi tasu zafi. Allah wadai addu'a ce, kai ƙara ne wajen Ubangiji, irin wadda raƙumin dawa ya yi da ya ga na gida, ya ce Allah wadaran naka ya lalace. Condemn ta bakin jami'in diflomasiyya babu Allah a cikinta, babu zuciya. Mataki ne a kan tsani, kuma jakadu sun san kowane mataki da farashinsa. A ƙasa akwai concerned, mun damu. Sama da shi regret, mun ji takaici. Sai deplore, wadda tushenta plorare ne na Latin, wato kuka, kamar a ce abin ya sa mu hawaye. Sannan condemn, sannan strongly condemn, sannan condemn in the strongest terms, wanda muke cewa da kakkausar murya. Mai deplore yana kuka da abin da ya faru. Mai condemn ya zauna a kujerar alƙali ya nuna mai laifi da yatsa.

Kada a ɗauka wannan wasan malaman nahawu ne. A ranar 25 ga Fabrairun 2022, kwana ɗaya bayan sojojin Rasha sun shiga Ukraine, Amurka da Albaniya suka kai daftarin ƙuduri gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Daftarin farko condemn ya ce. Kafin a kaɗa ƙuri'a aka sauko da shi zuwa deplore, don a samu Sin ta yi shiru maimakon ta hau kujerar na-ƙi. Haka kuwa aka yi: ƙasashe 11 suka amince, Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ƙaurace, Rasha ta hau kujerar na-ƙi ita kaɗai. Da maganar ta koma Babban Zaure ranar 2 ga Maris, deplore ɗin aka riƙe, tare da in the strongest terms da ke maƙale da ita tun a Kwamitin Sulhu, ƙasashe 141 suka amince, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Mai fassarar da ya ce "Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi Allah wadai da Rasha" bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da cinikin da aka kwana ana yi a kan kalma guda. Ni da zan rubuta, sai in ce ta koka matuƙa, ko ta yi tir, in ajiye Allah wadai ga ranar da suka furta condemn.

Censure ƙanwarta ce ta cikin majalisa. Tir ce da ake kaɗa wa ƙuri'a a rubuta a kundi, ba a kore ka ba, ba a rage maka albashi ba, amma an shafa maka kashin kaji gaban takwarorinka. Kowane littafin tarihin Amurka zai ce maka Majalisar Dattawa ta yi wa Sanata Joseph McCarthy censure ranar 2 ga Disamban 1954, da ƙuri'a 67 a kan 22, bayan ya shafe shekaru yana zargin mutane da kwaminisanci ba hujja. Abin dariyar shi ne ƙudurin da aka zartar condemned ya ce. McCarthy ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya mutu a 1957, amma daga ranar 'yan jarida suka daina bin sa, abokan aikinsa suka riƙa kauce masa. Ɗalibai na yawan rikita censure da censor, wato tace fim ko littafi kafin ya fita. Ba laifinsu ba ne, uwarsu ɗaya. Censor jami'i ne a tsohuwar Rum da ke ƙidayar jama'a yana kuma sa ido kan ɗabi'unsu, shi ya sa census, ƙidaya, ta zama ta ukunsu.

Ƙananan kalmomin faɗa ba sa buƙatar dogon zama. Admonish jan kunne ne mai haɗe da nasiha. Reprimand tsawatarwa ce ta hukuma da ke shiga fayil. Rebuke tsawa ce ido da ido. Reproach ita ce "haba ɗan'uwa" ta wanda ka ɓata wa rai. Scold faɗan uwa ne, kuma idan jarida ta ce an yi wa minista scold to ta mai da shi yaro ne da gangan. Denounce fallasa ce a bainar jama'a, tana kuma ɗaukar ma'anar tsegunta wa hukuma maƙwabcinka. Slam da blast da ke cika kanun labarai an zaɓe su ne don gajartarsu, su shiga layi, kamar yadda namu ke cewa wane ya caccaki wane alhali in ka karanta labarin suka ce mai sanyi. Akwai kuma wadda Najeriya ta yi wa kaifi da kanta. A Ingila query tambaya ce kawai. A ofisoshinmu idan aka ce an ba mutum kweri, takarda ce da ke neman ya kare kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ranar ba ya cin abincin rana da daɗi. A jami'a akwai rusticate, korar wucin gadi, wadda ta bambanta da expel, kora ta har abada. Tushenta rus ne, ƙauye a Latin. Ɗalibin Oxford da ya yi laifi ana tura shi ƙauyen ubansa ya huta, ma'anar ke nan.

Wadda ta taɓa haɗa ni gardama ita ce impeach. Safiyar 19 ga Disamban 2019 na tsaya teburin mai shayi, na tarar ana ta murna. Wani dattijo da rediyo a kunne ya ce, "An tsige Trump! Allah ya yi maganinsa." Na ce, "Baba, ba a tsige shi ba fa, yana nan a fadarsa." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, da kunnena na ji. Ko ka fi rediyo sani ne?" Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu yana jiran amsata. Na yi ta kame-kame ina bayanin majalisa biyu, na ga babu mai saurare, na shanye shayina na tafi.

Baba yana da hujja. Shi abin da ya sani shi ne Balarabe Musa. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta cire gwamnan na PRP, jaridu suka ce impeached, kuma tun daga nan a Turancin Najeriya impeach na nufin ka tattara kayanka. Majalisar jiha ɗaya ce, ita ke kawo tuhuma, ita ke kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, don haka ba mu ga tazara tsakanin tuhuma da cirewa ba. Kundin tsarin mulkin 1999 kansa, a sashe na 143 da na 188, removal ya sa a kan maganar, wato cirewa. A Amurka kuwa aikin rabe yake. Majalisar Wakilai ke yin impeach, wato ta shigar da tuhuma. Majalisar Dattawa ke zama kotu, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda kafin a cire shugaba. An yi wa Andrew Johnson a 1868, an yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Trump a 2019 da 2021, babu ko ɗaya da dattawan suka kama da laifi. A karo na biyu na Trump ƙuri'a 57 ce a kan 43, rinjaye ne amma bai kai ba. Ingila, inda abin ya samo asali tun ƙarni na 14, ta yi shari'ar Warren Hastings, tsohon gwamnan Indiya, daga 1788 har 1795, aka wanke shi. Tushen kalmar ma bai ce cirewa ba. Pedica a Latin mari ne na ƙafa, impeach kuma sa wa mutum dabaibayi. Dabbar da aka dabaibaye tana nan a gona tana kiwo.

Wannan rabuwar ta tuhuma da hukunci ita ce ƙashin bayan Turancin kotu, kuma Hausar labarai kan dunƙule ta cikin "yanke hukunci". Mutum yakan fara da suspect, wanda ake zargi. Idan aka rubuta laifin aka shigar, an yi masa charge, tuhuma. Ranar da aka tsayar da shi gaban alƙali aka karanta masa aka tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba, arraign ke nan, gurfanarwa. Idan aka ce a mai da shi gidan yari kafin zama na gaba, remand ne, wanda tsofaffinmu ke kira waƙafi, kuma mafi yawan mutanen da ke cikin gidajen yarin Najeriya a wannan matakin suke, ba a kama su da komai ba tukuna. Convict shi ne a same shi da laifi. Sentence shi ne a faɗi abin da za a yi masa. A Ingila da Amurka makonni ko watanni na iya shiga tsakanin biyun, masu taya alƙali shari'a su goma sha biyu su kawo verdict, wato faɗar gaskiya a asalin ma'anarta, alƙali kuma ya tafi ya yi nazari ya dawo da sentence. Ita ma sentence ra'ayi take nufi a Latin, shi ya sa ta zama jimla a ajin nahawu, ta zama ɗauri a kotu. Dukkansu magana ce da aka kai ƙarshenta aka ɗiga aya.

Ta ɓangaren fita ma akwai ƙofa biyu. Discharge sallama ce, acquit wankewa ce. Wanda aka sallama kawai, wataƙila don mai gabatar da ƙara bai kawo shaidu ba, ana iya cafke shi a bakin kotu a sake gurfanar da shi kan laifin nan. Wanda aka wanke, maganar ta mutu. Shi ya sa lauyoyinmu ke dagewa sai alƙali ya furta duka biyun, discharged and acquitted, kuma dangin da suka fara guɗa da jin ta farko sun yi gaggawa.

Sai lissafin shekaru, inda kanun labarai ke tsorata mutane. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sami Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, da laifin halasta kuɗin haram. Wasu jaridu suka ce ɗaurin shekara 61, wasu suka ce 8. Duka daga hukunci ɗaya suka ɗauko. Alƙali ya yanke shekaru a kan kowace tuhuma, idan ka tara su 61 ne, amma ya ce su tafi concurrently, wato a tare, don haka mafi tsawon cikinsu ne kawai zai zauna. Kishiyarta consecutively, ɗaya bayan ɗaya, ita aka yi wa Bernard Madoff a New York a 2009, ɗan damfarar da ya cinye dukiyar dubban mutane, aka tara masa shekara 150 yana da shekara 71 a duniya. A gidan yari ya mutu a 2021. Kalma guda ce a ƙarshen takardar hukunci, sau da yawa alƙali na faɗarta lokacin da 'yan jarida sun fara tattara biro.

Mai karatu zai lura kusan duk kalmomin nan daga Latin ko Faransanci suke. Dalilin yana shekarar 1066, lokacin da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Sarauta da kotu suka koma hannun masu jin Faransanci, talaka ya ci gaba da Turancinsa. Court, judge, jury, justice, prison, crime, verdict, bail, punish, duk baƙi ne da suka shigo ta wannan ƙofa. Abin da ya rage wa Turancin asali shi ne na wanda ake yi wa: thief, steal, guilt, hang, gallows. A 1362 aka yi dokar cewa a riƙa yin shari'a da Turanci, kuma da Faransanci aka rubuta dokar. Sai a 1733 Turanci ya zama tilas a takardun kotu. Kalmar Turancin asali ta hukunci, doom, an ture ta daga kotu ta koma nufin halaka da tashin alƙiyama, ko da yake a tsibirin Man har yau deemster ake kiran alƙali. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba. Alƙali, shari'a, hukunci, shaida, haddi, ƙisasi, diyya, Larabci ne. Kotu, lauya, sammaci, beli, fursuna, Turanci ne. Sata, ɗauri, duka, kisa da rataya ne namu na gado.

Baƙuwar kalma tana da wani amfani ga mai mulki: tana sanyaya abu. Poena, azaba ko fansa a Latin, ta haifi pain, zafi, ta haifi punish da penal da penalty, wadda ta iso filin ƙwallo muka mai da ita fenariti. Ta haifi subpoena, sammacin da ke cewa ka zo ko ka ɗanɗana, da impunity, aikata laifi ba tare da an taɓa ka ba, kalmar da masu sharhi a Najeriya suka fi kowa gajiyar da ita. Fine, tara, daga finis take, ƙarshe, kuɗin da ake biya a kashe magana. Corporal punishment horon jiki ne, capital punishment na kai ne, daga caput, kan da ake sarewa, shi ne kuma kan da ya sa ake kiran babban birni capital. Mafi sanyinsu execute. Ma'anarta zartarwa, aiwatar da abin da aka yanke, kuma da farko hukuncin ake execute, daga baya aka gajarta aka ce mutumin. 'Yar'uwarta ce executive da gwamnoninmu ke son a maƙala wa sunansu. Abin ya zo daidai ta wata fuska, domin a Najeriya sai gwamna ya sa hannu ake rataye mutum, kuma yawancinsu ba sa sawa, sai 'yan kwandem su shekara goma, ashirin, suna jira. Gwamna na iya yi musu commute, sassauta kisa zuwa ɗaurin rai da rai, ko pardon, yafiya ga mutum ɗaya. Amnesty ta jama'a ce, daga kalmar Girka mai nufin mantuwa, irin wadda Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. Mu duk afuwa muke ce musu.

Ingila ta rataye mutanenta biyu na ƙarshe da ƙarfe takwas na safiyar 13 ga Agustan 1964, ɗaya a Liverpool ɗaya a Manchester, a 1965 ta dakatar da kisa kan laifin kisan kai. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar nahawu da malamai ke kama ɗalibai da ita: riga da hoto hung ake ce musu, mutum kuwa hanged. Tsohon salon ya maƙale ne a bakin alƙalai, waɗanda ba sa sauya lafazin hukunci, har ya tsira bayan igiyar ta tafi.

Sanction ta fi kowace iya yaudara, don tana nufin abu da kishiyarsa. Idan aka ce hukumar makaranta ta yi wa tafiyar ɗalibai sanction, ta amince ke nan. Idan aka ce ta yi wa malamin da ya jagorance su sanction, ta hukunta shi. Tushen sancire ne, tsarkake doka a tabbatar da ita, kuma doka na tabbata ta hanya biyu, da sa hannu da kuma horon wanda ya karya. Dabarar gane ta ita ce a dubi abin da ta faɗa wa: idan aiki ne, yawanci izini ne, idan mutum ne ko ƙasa, ko aka ga impose da on ko against, horo ne. Mutanen Maraɗi da Jibiya, da na Ƙonni da Illela, ba sa buƙatar ƙamus a nan. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba sanctions ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, manyan motoci suka yi layi da kaya suna lalacewa, har 24 ga Fabrairun 2024 da aka ɗage. A nan Hausa ta fi Turanci fito da gaskiyar abin. Takunkumi muke cewa, abin da ake ɗaure wa dabba a baki don kada ta ci.

Horo ma kalma ce mai fuska biyu, amma fuskokin ba sa faɗa da juna. Ana horar da soja, ana horar da mai laifi. Turanci na da irinta a discipline, 'yar'uwar disciple, almajiri. Chastise da chasten da castigate daga castus suke, tsarki, wato a doke ka don a wanke ka. Wannan fata, cewa azaba za ta gyara mutum, ita ta haifi penitentiary, gidan tuba. A 1829 aka buɗe Eastern State a Philadelphia, kowane fursuna shi kaɗai a ɗaki, ba magana, ba baƙo, ana sa ran kaɗaici zai sa ya yi nadama. Charles Dickens ya ziyarci wurin a 1842 ya fito yana ganin wannan ya fi dukan jiki muni. Najeriya ta bi sahun sauya suna a 2019, lokacin da doka ta mai da hukumar gidajen yari Correctional Service, muka fassara da gidan gyaran hali. An sake fentin allon ƙofa. Ɗan adaidaita har yau in ka ce masa gidan gyaran hali sai ya tambaye ka, "Gidan yari kake nufi?" Yari kuwa sarauta ce, mai kula da kurkukun sarki tun kafin zuwan Turawa.

Akwai wuri guda da aron ya juya. Dokar final kod ta Arewa, kundin laifuffuka da hukuncinsu, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, an ɗauko ta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860 da Macaulay ya tsara. Masu rubuta ta suna da kalmomin duka birjik: flog, whip, lash, cane, birch, scourge. Ingila kanta ta hana kotunanta yanke bulala tun 1948, amma a nan an bar caning, dukan sanda da bai wuce goma sha biyu ba. Sai suka iske wata bulala a kotunan alƙalai da babu ɗaya daga kalmomin nan da ta dace da ita, wadda ake yi wa Musulmi kan shan giya ko zina ko ƙazafi, a bainar jama'a, mai dukan ba ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ba a so a ji wa mutum ciwo, kunyar ake nema. Suka rasa sunan da za su ba ta, suka ɗauko rabin daga bakin alƙalan suka haɗa da nasu. A sashe na 68, cikin jerin hukunce-hukunce, an rubuta ta haddi lashing.